Daga Gatana Zuwa Katun: Tarihin Yadda Aka Cire wa Dodo Haƙora

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samari da 'yan matan da suka tashi da kallon katun, wato fim ɗin da ake yi da zane mai motsi. Da zarar an ji cewa wani fim na almara da suka so tun suna yara zai fito da kashi na biyu, sai ka ji ana fatan Allah ya sa wannan karon a yi abin manya. Idan ka bi diddigin abin da suke nufi, za ka tarar bai wuce abu uku ba: wanda ya mutu a labarin ya mutu ke nan, mugu ya kasance yana da dalilin muguntarsa, jarumi kuma ya rasa wani abu mai tsada kafin ya kai ga biyan buƙata. Wannan fata ana jin ta a Turai da Amurka, ana kuma jin ta a nan gida, tun daga rumfunan masu tura finafinai a waya na kasuwar Jega, zuwa tsakanin ɗaliban jami'ar Aliero, har majalisun samarin Maiyama.

Wasu iyaye na ɗaukar wannan fata a matsayin wata sabuwar fitina da ta shigo mana daga waje. Su a ganinsu labarin yara kamata ya yi ya zama zuma zalla. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihi sawu da sawu, mu nuna wa mai karatu cewa tatsuniyar Bahaushe da haƙoranta aka haife ta, daga baya ne aka bi ta ana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Za mu duba yadda hakan ta faru a wurinmu da kuma a wurin Turawa, sa'an nan mu ga abin da ya rage a wuyanmu mu marubuta.

Gatana a Ɗakin Kaka

A wannan yanki namu na ƙasar Kabi da Gwandu, abin da Kanawa ke kira tatsuniya, gatana muke ce masa. Lokacinta dare ne bayan an ci tuwo, wurinta kuwa ɗakin tsohuwa ko tsakar gida idan da farin wata. An hana yin ta da rana, har akan tsorata yara da cewa mai gatana da rana ɓata zai yi. Hikimar camfin a fili take, kada hira ta hana aike da aikin gona. Amma kuma dare shi ya dace da irin kayan da gatana ke ɗauke da su.

Mu tuna kaɗan daga cikinsu. Ga mace mai ciki da ta rasa mai aza mata tulu a bakin rafi, Dodo ya fito ya aza mata, ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta, shekaru suka wuce ya zo karɓar bashinsa. Ga budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo, ta kori samarin garinsu kaf, ta bi wani kyakkyawan baƙo wanda ashe aron jiki ya yi, tana ji tana gani ya dinga mayar wa masu kaya kayansu a kan hanya har ya koma ainihinsa. Ga Ta-kitse, wadda kishiyoyi suka tilasta wa aiki kusa da zafi alhali sun san narkewa za ta yi. Ga 'yar bora da aka tura wanki can Ruwan Bagaja don a rabu da ita. Shi kansa Gizo, wanda muke dariyar tsamin bakinsa, mayaudari ne mai cin amanar aboki, kuma sau da yawa kura ko wata dabba ce ke mutuwa a madadinsa.

Ashe ke nan bashi, da kishi, da maraici, da yunwa, da cin amana, da mutuwa, duk yaron Bahaushe a bakin kakarsa ya fara jin su tun bai kai shekara 7 ba. To, me ya sa abin bai lalata shi ba? Amsar tana cikin yadda ake bayar da labarin. Tsohuwa tana zaune da jikokinta, tana ganin idanunsu. In ta ga tsoro ya yi yawa sai ta sassauta murya ko ta jawo waƙa kowa ya amsa. In ta ga an fara raina Dodo sai ta ƙara masa tsawo. Daga ƙarshe kuma ta rufe da ɗora ƙaryar duka a kan Gizo, yaro ya kwanta da sanin cewa ya shiga dajin tsoro ya fito lafiya. Wato tsoro ne mai ɗan rakiya. Wannan shi ne ginshiƙin da za mu riƙa komawa gare shi.

Da Gatana ta Shiga Takarda

Waɗanda suka fara zuba tatsuniyoyinmu a boko ba don yara suka yi ba. J. F. Schön, wani ɗan mishan Bajamushe, ya buga Magana Hausa a 1885, mafi yawan abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya samo shi, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami, daga baya ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Razdan Burdon ya sa malamai suka rubuto masa labarai da tatsuniyoyi masu yawa, ya miƙa wa Frank Edgar, wanda ya ƙara nasa ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913. Tun da yake daga Lardin Sakkwato aka tara kaso mai yawa na wannan aiki, mu mutanen Jega da kewaye muna iya cewa muryar kakanninmu tana ciki. A 1913 ɗin nan ne kuma Rattray ya buga tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau, Tremearne shi ma ya fitar da nasa. Su waɗannan Turawa harshe da halin mutanen da suke mulka suke son sani, saboda haka ba su damu da tace labaran ba. Wanda ya karanta Edgar zai ga gatana da ɗanyen jininta.

Ko da aka zo zamanin ƙagaggun labarai, nauyin bai gushe nan take ba. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da littattafan nan biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani. Mu dubi biyu daga ciki. Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara da shi Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, da ƙyar suka gana ta cika. Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa labarin ramuwar gayya ne wanda ya kai ɗa ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Waɗannan littattafai a makaranta aka karanta su shekara da shekaru, ba a taɓa jin sun haukata kowa ba. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ma, da ya rubuta Magana Jari Ce tsakanin 1937 da 1939, ya kafa littafin farko ne a kan makircin waziri mai neman halaka ɗan sarki, aku na jan hankalin yaron da labarai don ya tsira.

Sassaucin ya shigo ne ta ƙofar aji. Da makarantun firamare suka yawaita, sai aka buƙaci tatsuniyar da malami zai karanta da rana tsaka gaban yara masu yawa, ya yi tambayoyi a kanta, ya fitar da darasi a layi ɗaya. Ayyuka irin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, da suka fito a farkon shekarun 1970, sun yi mana babban alheri, domin sun ceto labarai da yawa daga salwanta. Sai dai aji daban, ɗakin kaka daban. Takarda ba ta ganin idon yaro, ba ta san lokacin sassauta murya ba. Da ɗan rakiya ya ɓace, sai masu tsara karatu suka ga mafita ita ce a rage tsoron kansa. Haƙorin Dodo na farko a nan ya fita.

Yadda Turai ta Yi da Nata

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Turawa ma haka suka yi wa tatsuniyoyinsu, kuma tarihin nasu a rubuce yake dalla-dalla. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na 7 a 1857. A bugun farko, matar da ta nemi kashe yarinyar nan Snow White uwarta ce ta cikinta. Daga bugun 1819 aka mayar da ita matar uba, domin a kare martabar uwa. Haka aka yi wa uwar Hansel da Gretel a 1840. Duk da haka sun bar azaba mai tsanani, domin a ƙarshen Snow White takalman ƙarfe da aka gasa a wuta aka sa wa muguwar sarauniya ta yi rawa da su har ta mutu.

Da labarin ya faɗa hannun kamfanin Disney na Amurka a 1937, sai aka cire takalman wuta, aka bar sarauniya ta faɗo daga kan dutse can nesa da idon mai kallo. Haka kuma labarin 'yar ruwa na Hans Christian Andersen, mutumin Denmak, wanda ya fito a 1837: a littafi ba ta sami ɗan sarkin ba, jikinta kumfar teku ya koma, amma a fim ɗin 1989 da biki aka tashi. Dalilin bai ɓuya ba. Fim ɗin zane yana cin kuɗi da ma'aikata da shekaru, ga shi a hanyar gargajiya ana buƙatar zane 12 zuwa 24 kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya. Wanda ya zuba irin wannan dukiya yana son uba da uwa da yaro duk su sayi tikiti, ba ya son ko mutum ɗaya ya fita da ɓacin rai.

Amma kada a ɗauka zane ne ba ya iya ɗaukar nauyi. Fim ɗin zane mai tsawo mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Lotte Reiniger ta yi a Jamus a 1926, daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko shi, da aljanunsa da matsafansa. Disney da kansa ya kashe uwar Bambi a 1942, ya kashe uban Simba a 1994 a hannun ƙaninsa. A Japan kuwa, Isao Takahata ya yi fim a 1988 kan yaro da ƙanwarsa da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda har yau ana lissafa shi cikin finafinan yaƙi mafiya taɓa zuciya. Zane kamar alƙalami yake, abin da mai riƙe da shi ya nufa shi yake rubutawa.

Majigi da Mai Kwaɗin Tawa

Mu a nan hoto mai motsi ya fara zuwa mana ne a bayan mota. Turawan mulki sun kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka a 1939, motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa. Abin da ake nunawa wa'azin gwamnati ne: tsafta, da rigakafi, da noman zamani irin na Baban Larai. Tun daga nan aka saba mana da cewa allon kallo wurin darasi ne mai sauƙi. Da talabijin ta zo, aka haɗa tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, katun ɗin da yaranmu suka samu na waje ne, irin su Tom and Jerry da Voltron. Shirin Tales by Moonlight da aka fara a 1984 ya yi ƙoƙarin dawo da tatsuniya, amma da Turanci, kuma da yamma, da darasinsa a ƙarshe kamar na aji.

Sai dai akwai wani maƙwabcinmu da ya bi wata hanya dabam, wanda ya kamata kowane marubucin Hausa ya san sunansa. Shi ne Mustafa Alhasan na Jamhuriyar Nijar, wanda Faransawa ke rubutawa Moustapha Alassane. An haife shi a N'Dounga a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, yana nuna wa mutanen garinsu wasan inuwa. Ya yi kanikanci, ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, sa'an nan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, wanda ake lissafawa cikin finafinan zane na farko-farko da ɗan Afirka ta Yamma ya yi, ya kuma sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da bushe-bushe da jawabai marasa kan gado. Yara na dariyar kwaɗi, manya na gane da wa ake. Shekara 6 kacal da samun 'yancin kai, ga mai zane yana yi wa masu mulki zambo.

A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yar tsana, labarin jarumin da gimbiya ke ɗora wa buƙata bayan buƙata. Ya yi Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke shiga fage kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Fim ɗinsa na mutane, Toula, wanda ya ɗauko daga labarin Boubou Hama, ya shafi budurwar da aka bayar ga ruwa don fari ya yaye. Ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, garin Hausawan Adar, ya rasu a Wagadugu a 2015. Wannan bawan Allah ya tabbatar da cewa da kayan aiki kaɗan ana iya yin katun mai haƙora, kuma a ƙasarmu.

Rikicin Kashi na Biyu

Me ya sa fatar nauyi ta fi taruwa a kan kashi na biyu? Domin mai kallo yana girma, fim kuwa yana nan inda aka bar shi. Yarinyar da ta kalli kashi na ɗaya tana da shekara 8, in aka ɗauki shekara 6 kafin na biyu ya fito, ta zama budurwa mai tambayoyi. Mu Hausawa mun san daɗin kashi na biyu da takaicinsa, domin littattafan da suka cika kasuwa a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kashi-kashi suke fitowa, haka ma finafinan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990.

Misalai biyu sun isa. A 1998 Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya fitar da Kirikou et la Sorcière daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, Youssou N'Dour ya yi masa kiɗa. Ƙarfin fim ɗin yana cikin tambayar da jaririn ya nace a kai, wato me ya sa mayya Karaba take mugunta. Amsar ita ce wasu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya a gadon baya, tana fama da raɗaɗin dare da rana. Yaro zai ga ƙaya, babba zai gane abin da ake nufi. Wannan ita ce dabarar kaka. Amma da aka fito da na 2005 da na 2012, sai aka koma baya ana ba da ƙananan labarai na gefe, ba a ɗora komai a kan waccan babbar tambaya ba.

Na biyu shi ne Frozen na Disney, wanda ya fito a 2013, na biyunsa a 2019, kowannensu ya tara fiye da dala biliyan 1. A kashi na biyu an taɓo magana mai nauyin gaske: 'ya'yan sarki sun gano cewa kakansu ya yaudari wata ƙabila ta maƙwabta da gina musu madatsar ruwa da sunan kyauta, ya kuma kashe shugabansu ta baya. Gyaran laifin shi ne a rushe madatsar, ko da ruwan zai cinye birninsu. An rushe, amma a daƙiƙar ƙarshe sai aka tare ruwan da sihiri, ko bulo ɗaya bai faɗi ba. An nuna bashi, an hana a biya. Duk da haka akwai abin koyi a wani ɓangaren, domin kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da wakilan al'ummar Sami na arewacin Turai, waɗanda aka ari al'adunsu, har aka fassara fim ɗin da harshensu. Al'ummar da ba ta kai yawan mutanen jiha ɗaya tamu ba ta tsaya ta kare labarinta.

A Nijeriya ma an fara motsi. Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010 domin ƙananan yara. Roye Okupe ya fitar da gajeren fim na Malika a 2019, wadda ya gina da tunanin Sarauniya Amina ta Zazzau. Lady Buckit and the Motley Mopsters ya shiga sinima a 2020. Iwájú, wanda Kugali suka yi tare da Disney a 2024, ya taɓo satar mutane da ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka a Legas. Abin lura shi ne ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙaga shi da Hausa tun daga tushe.

Abin da ke Cikin Rumbunmu

In da za a ce yau ga mai zane, ga kuɗi, ku kawo labari mai nauyi, ba sai mun je aro ba. Garin Jega kansa daga cikin tashin hankali aka haife shi. Malam Abdussalami, almajirin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya zauna da jama'arsa a Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta zamanin Yunfa ta auka wa garin, ta kwashi mutane, ta bi da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na daga cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan an yi nasara kuma sai saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne daga baya ya yi sulhu da Gwandu, ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Ga imani, ga ƙaura, ga saɓanin 'yan'uwa, ga ɗa da ya gaji rigima ya zaɓi sulhu. Ba sai an zana fuskar wani shehi ko waliyyi ba. Ana iya ƙaga yarinya ɗaya cikin kamammun Gimbana a bi labarin ta idonta.

Ita kanta kasuwar Jega ta ƙarni na 19, ban da gishiri da goro da tufafi da dabbobi, an sayar da mutane a cikinta, kamar sauran manyan kasuwannin wancan zamani. Wannan bashi ne na tarihi wanda bai kamata a tare ruwansa da sihiri ba. Ga kuma Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16 saboda rabon ganima, ya gina Surame, ya kara da Barno, ya rasu da raunin kibiya a hanyar dawowa. Ruwayar baka ta ce da Nufawa suka makara zuwa aikin ganuwa, da man kaɗanya ya sa suka kwaɓa ƙasa. Jarumi ne, amma waɗanda suka ɗauki duwatsun nan su ma suna da labari. Marigayi Adamu Halilu, wanda ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, ya yi fim a kan Kanta a ƙarshen shekarun 1970, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa ganin sa. Kamfanin Sarauniya na Kano kuma ya nuna a ƙarshen shekarun 1990, da fim ɗin Daskin da Riɗi, cewa jama'a na son ganin tatsuniya a allo. Abin da bidiyo ya kasa nunawa na aljanu da rikiɗa, zane zai nuna shi cikin sauƙi.

Kammalawa

Wajibi ne mu bambance nauyi da ƙazanta. Yawan jini, da batsa, da ashar, ba su ne girman labari ba, sau da yawa ma alamar rashin abin faɗa ne. Labari mai nauyi shi ne wanda aiki ke da sakamako a cikinsa, wanda ba ya yi wa yaro ƙarya game da duniya, kuma ba ya sakin hannunsa a tsakiyar daji. Maɗoran Aliero da ake zuwa wurinsu daga nesa sun san cewa karaya ba ta haɗuwa da shafa, sai an ja an daidaita, mai ciwo ya yi ƙara, amma akwai mai riƙe da shi.

Masu cewa a ɓoye wa yara ɗaci su tuna cewa yaran Jihar Kabi sun riga sun san shi. Sun ji labarin ɗaliban da aka sace daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. Sun ga 'yan gudun hijira, sun ga ambaliya ta ci shinkafar fadama. Dodo na nan da haƙoransa a waje, a cikin labari kawai aka cire masa. Yaron da bai taɓa ganin an fuskanci Dodo a gatana ba, da me zai fuskanci na gaske?

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa marubuta guda uku ne. Na farko, mu je ga tsofaffin da suka rage a Firchin da Kimba da Andarai da sauran garuruwanmu, mu ɗauki gatana daga bakinsu yadda take, da waƙoƙinta, kafin ƙasa ta rufe ta. Na biyu, mu koma ga Edgar da takwarorinsa mu karanta abin da aka rubuta kafin a fara tacewa. Na uku, mu koyi rubuta labari domin zane, mu nemi matasanmu masu ilmin kwamfuta, irin waɗanda jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ke yayewa, mu haɗa hannu da su. Mai zane ba zai zana abin da ba a rubuta ba. Idan muka yi sakaci, wasu za su zo su ɗauki Gizo da Kanta su yi musu kwaskwarima, su sayar mana, mu kuma mu zauna muna fatan kashi na biyu ya fi na ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan gado, ya ba mu ikon riƙe shi da amana, amin.